Baƙi da rana, fari da dare: amsoshi kan allon suna mai haske

Tambaya: Malam, bangon ginina fari ne. Ina son haruffan sunan kamfanina su fito baƙi da rana, idan dare ya yi su haskaka fari. Wani mai haɗa allo ya ce in sayi akirilik na musamman, wani kuma ya ce sitika ma ta isa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, duka biyun gaskiya suka faɗa maka, hanyoyin ne suka bambanta. Akirilik ɗin da na farko yake nufi roba ce da aka zuba wa launi mai duhu tun wajen ƙera ta. Hasken rana na faɗowa a kanta ido ya ga baƙi, amma idan fitila ta kama daga baya sai hasken ya ratso fari. Masu yin akirilik mai suna Plexiglas da Acrylite duk suna da irinta. Sitikar kuwa, irin ta kamfanin 3M mai launi biyu, ƙananan huji ne fal a jikinta. Ana manna ta a kan farin akirilik. Da rana launin sitikar ake gani, da dare haske ya bi ta hujin.

Idan baƙi zuwa fari kawai kake so, ni dai akirilik ɗin zan zaɓa. Ba ya ɓarewa, ba shi da hujin da ƙura za ta cika, kuma ko mutum ya matso kusa fuskar sumul take. Sai dai ka sani baƙinsa ba wuluk ba ne, ya fi kama da toka mai duhu sosai. Sitika ta fi shi a wuri ɗaya: idan launin kamfaninka shuɗi ne ko ja, kana son ya fito haka da rana, ita ce mafita.

Ga inda masu sayen irin wannan allo suke yin kuka daga baya. Fuskar da take baƙi da rana tana shanye haske mai yawa da dare, don haka tana buƙatar fitilun LED fiye da farar fuska. Mai aikin da ya karya maka farashi sosai, sau da yawa a nan ya rage. Kada ka biya kuɗi sai ya haɗa maka harafi ɗaya, ka kalle shi da tsakar rana, ka sake kallonsa a kunne bayan duhu ya yi, daga tsallaken titi.

Tambaya: Allona sabo ne, amma da dare ɗigo-ɗigon fitilu nake gani a maimakon haske bai ɗaya. An cuce ni ne?

Amsa: Hajiya, ba lallai kayan ne marasa kyau ba. Yawanci fitilun sun yi kusa da fuskar ne, ko kuma an ware su da nisa tsakaninsu. Haske na son fili kafin ya baje. Idan akwatin harafin ba shi da zurfi, a sa fitilu masu gilashin baza haske a kansu, a matso da su kusa da juna. Ki kuma sa a buɗe a duba cikin: ya kamata a shafe shi da farin fenti, domin baƙin fenti ko tsurar ƙarfe na cinye haske. Wani abin da ake mantawa shi ne launin farin kansa. Fitila mai lamba 6500K fari ne mai ɗan shuɗi, mai 3000K kuma yana da ɗan rawaya. Idan aka gauraya su a allo ɗaya, ko yaro zai gane.

Tambaya: Me zan duba don allon ya jure ruwa da rana?

Amsa: Fara da fitilun: a waje za su zauna, saboda haka nemi masu alamar IP65 ko IP67, wato masu jure ƙura da ruwa. Galibinsu da wuta mai ƙarfin bolt 12 ko 24 suke aiki, kuma na'urar da ke ba su wuta bai kamata a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta ba. Ita ce ta fi saurin mutuwa, don haka a ajiye ta inda hannu zai kai ba sai an kwance allon ba. Jikin haruffa ya zama alminiyum, da ƙananan huji a ƙasa don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Akirilik na buɗewa da zafi, a bar masa ɗan sarari a gefe, kada a matse shi da kusoshi. Idan wurin akwai jifa, folikabonet, wanda shi ma nau'in roba ne, ya fi shi ƙarfi, amma wanda ba a yi wa rufin kariya daga rana ba yakan koma rawaya. Wajen wanki kuwa ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Tina ko sifirit na tsattsaga akirilik, kuma tsagar ba ta gyaruwa.