Basilin a Cikin Kayan Barka

'Yata, saƙonki ya iso. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Kin ce goggonki ta yi miki faɗa don kin sa basilin a kayan barka maimakon man kaɗanya, har tana cewa ɗan'uwan kananzir ne, ba a shafa wa jinjiri. Kina so ki ji ko da gaskiyarta, ko kuma kin taka al'ada.

Ta fuskar asali ba ta yi ƙarya ba, basilin da kananzir duka daga ɗanyen mai suka fito. Sai dai ɗanyen mai ba abu guda ba ne, taron sinadarai ne dubbai, kusan dukkansu kabon da haidirojin ne a jere kamar 'ya'yan carbi, tsawon jerin kuma shi ke bambanta su. Mai kabon 3 ko 4 shi ne gas ɗin girki. Daga 5 zuwa wajen 12 fetur ne, kananzir kuwa tsakanin 10 da 16. In jeri ya kai wajen 20 zuwa sama abu ya fara daskarewa, nan ake samun kakin kyandir da basilin, can ƙarshe kuma kwalta. A matata ana dafa ɗanyen man har wajen digiri 350, tururinsa ya hau doguwar hasumiya, marar nauyi ya kai sama, mai nauyi ya tsaya ƙasa, kowanne a janye shi ta bututunsa. Ko matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, ɓangarenta na baƙin mai da kaki da kwalta da ɗanyen mai na waje aka tsara shi, don namu na Najeriya ba shi da nauyi sosai.

To kananzir, saboda gajartar jerinsa, tsinkakke ne, yana tashi a iska, shi ya sa kike jin warinsa tun daga zaure. In ya taɓa fata sai ya narkar da maiƙonta. Basilin da aka tace sosai ba ya tashi, ba ya wari, ba ya ratsa fata. Zama yake a sama ya hana danshin jiki fita, iyakar aikinsa ke nan. Wani Robert Chesebrough ne ya ga ma'aikatan rijiyoyin mai a Pennsylvania ta Amurka, a 1859, suna shafa kakin da ke manne wa sandunan famfo a kan ƙuna da yanka, ya yi shekaru yana tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Tacewar ita ce magana. Ki sayi fari tas, a rufe, mai lambar NAFDAC. Wanda ake ɗiba da cokali a kasuwa, mai ɗorawa-ɗorawa da turare, ban yarda da shi a jikin jariri ba.

Man kaɗanya kitsen itace ne, akwai iskar oksijin a gininsa, shi ya sa ake cinsa, ake sabulu da shi, kuma in ya daɗe yake sauya wari. Don kaushi da faso na hunturu duka biyun suna yi.

Amma faɗan goggonki, a ganina, ba na sinadari ba ne. A da kaka ce ke tsinto ƙwarar kaɗanya da damina, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta soya, ta niƙa, ta yi ta kirɓa da hannu har man ya taso fari. Curin da ta kawo barka guminta ne, kuma ita ko ungozoma ke fara shafa wa jariri bayan wanka. Kwalbar kanti ta raba irin su goggonki da wannan matsayi, abin da ke cinta ke nan. Ki nemo curi mai kyau ki kai mata har ɗaki, ki ce ta sa wa yaron albarka da hannunta. Basilin ɗin a ajiye shi don wurin kunzugu.

Cibiya kuwa kada a sa mata ko ɗaya, sai maganin da asibiti suka bayar. Ki kuma gaya wa mutanen gidan su daina zuba kananzir a robar lemo, yara na ɗauka su sha, yana kuma zarcewa huhu. Kada a sa shi a kan yaro da sunan kashe ƙwarƙwata.

Ki gaida mini maigidanki da mai jego. In Allah ya kai mu zan zo ranar suna.

Kawunki