Baƙin yadi yana leƙowa ta cikin fari a wurin ɗinki

'Yar'uwa, kin ce idan kika haɗa ƙyalle mai duhu da fari a bargon da kike ɗinkawa, sai duhun ya riƙa nunawa ta gaba a layin ɗinkin. Yawanci daga guga matsalar take.

Bayan kin ɗinka, ki kwantar da bakin ɗinkin duka biyu, wato rarar yadin da ta rage a bayan layin ɗinki, zuwa ɓangaren mai duhu kafin ki goge. Duhu ya faɗa kan duhu, shi ke nan.

Amma akwai wuraren da ɗinki da yawa ke haɗuwa, dole bakin ya koma ta farin. A nan sai ki ɗauki almakashi ki rage bakin mai duhun kaɗan, kamar milimita 2 daga cikin milimita 6 da aka saba bari, yadda farin zai rufe shi. Kada ki zurfafa, ɗinkin zai warware. Aiki ne mai cin rai, na sani.

Kafin ki shimfiɗa audugar ciki, ɗaga aikin a gaban haske ki tsince duk zaren da ya tuje. Audugar ma fara tas za ki sa. In farin yadin shara-shara ne, ki yi masa shafi.