Tambaya da Amsa: In ƙirƙirar ƙabila aka yi, ina Hausantakata ta kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, sashen nazarin zamantakewar al'umma. A wannan zangon karatu muna ɗaukar kwas a kan ra'o'in masana game da launin fata da ƙabila da kishin ƙasa da ƙaura. Malaminmu ya ce ƙabila ba a jini take ba, mutane ne suka ƙirƙire ta. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni dai na san Bahaushiya ce, haka iyayena da kakannina. Ga kuma sunayen Turawa rututu da ake jero mana, har na rasa ta inda zan kama. Wata ɗaliba daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kalmar ƙirƙira ce ta rikita ki, domin a Hausa idan aka ce an ƙirƙiri magana, ƙarya ake nufi, alhali ba haka masanan nan suke nufi ba. Ganuwar Kano hannun mutane ne ya gina ta, amma wanda ya yi karo da ita ya san tana nan. Abin da malaminku yake so ku gane shi ne, iyakar da ke raba wannan ƙabila da waccan mutane ne suke shata ta, su gyara ta, wani lokaci su matsar da ita, gwargwadon zamani da bukata.

Da launin fata aka fi saurin ganin haka. A jihar Virginia ta Amurka, dokar 1924 ta hana a kira mutum farar fata muddin an gano ɗigon jinin baƙar fata a zuriyarsa, komai haskensa. A Afirka ta Kudu kuwa, dokar rajistar jama'a ta 1950 ta kasa mutane gida-gida, har akan sami 'yan ɗaki ɗaya an raba musu rukuni. Mutum guda, fatarsa ba ta sauya ba, amma sunan da hukuma take ba shi yana sauyawa da zarar ya tsallake iyaka. A 1972 masanin ƙwayoyin halitta Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, abin da ke tsakanin manyan rukunonin launi kaɗan ne.

Batun ƙabila ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan nake so ki daɗe. Akwai masu ganin cewa danƙon jini da harshe da addini abu ne da mutum yake tasowa ya tarar, yana da ƙarfin da hankali ba ya iya bayyana shi; Clifford Geertz ya yi rubutu a kan haka a 1963. Sai Fredrik Barth, ɗan ƙasar Norway, ya zo a 1969 ya ce a daina ƙirga al'adun da ke cikin ƙabila, a dubi iyakarta: wa ake karɓa, wa ake korewa, kuma da wane ma'auni. A cikin littafin da ya shirya akwai misalin yammacin Sudan, inda manomi ɗan ƙabilar Fur, idan shanunsa suka yi yawa ya shiga yawon kiwo, sannu a hankali sai a riƙa lissafa shi cikin Larabawan Baggara. Ba sai kin je Sudan ba: a Kano ɗin nan akwai gidajen Fulani da suka yi zuriya da zuriya ba a jin Fulatanci a cikinsu, kuma ba wanda ya isa ya ce musu ba Fulani ba ne.

Amma binciken da zan so ki riƙe da hannu biyu a kanmu aka yi shi. Abner Cohen, haifaffen Bagadaza, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1969. Tambayarsa ita ce, me ya sa Hausawan Sabo, maimakon su narke cikin Yarbawan da suka kewaye su, sai ƙara riƙe Hausantaka suke yi? Amsar da ya samo tana cikin fataucin shanu da goro. Bafatake zai kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu, sai amana. Irin wannan ciniki ba ya tafiya sai tsakanin mutanen da suke jin harshe ɗaya, suke jin kunyar juna, suke da sarkin da za a kai wa ƙara idan wani ya ci amana. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, goyon bayan da Turawan mulki suke ba wa tsarin Sarkin Sabo ya raunana, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, wato suka sake ɗaure kansu da wata igiyar. A ganin Cohen, ƙabila a birni makami ce ta kare abinci. Ni dai ina ganin ya ɗan wuce gona da iri, domin wanda ya zauna wazifa bayan magariba ba lissafin ribar goro yake yi ba. Duk da haka ya hango abin da kowane mazaunin zango ya sani: a gida mutum Bakano ne ko Bakatsine ko Bagobiri, sai ya je Kurmi yake zama Bahaushe, kuma a can har Babarbare da Buzu sukan shiga ƙarƙashin sunan.

Kishin ƙasa kuwa, 1983 ce shekarar da za ki haddace, domin a cikinta Ernest Gellner da Benedict Anderson kowannensu ya fitar da littafinsa. Gellner ya danganta shi da zamanin masana'antu da makarantun gwamnati masu koyar da harshe ɗaya. Anderson ya ce 'yan ƙasa ɗaya ba su taɓa haɗuwa gaba ɗayansu ba, a zuci suke hango juna, kuma injin ɗab'i da jarida ne suka sa hakan ya yiwu. Ki tuna Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939: mai karatu a Sakkwato da mai karatu a Bauchi suna duba labari guda a cikin Hausa guda. Ki kuma dubi Katsina da Maraɗi, dangin juna ne, amma yaron nan yana rera taken ƙasa da Turanci, wancan da Faransanci. Anthony Smith ya ja da su a 1986, ya ce ba a gina ƙasa a kan iska, dole sai da tsofaffin labaran asali da ake taƙama da su. Labarin Bayajida zai ishe ki misali.

Dangane da yawan sunaye, kada ki haddace su kamar karatun allo. Ki ɗauki abu guda da kika sani da idonki, misali takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda akan hana wanda aka haifa a gari saboda kakansa baƙo ne, ki tambayi kanki me Geertz zai ce a kanta, me Barth zai ce, me Cohen zai ce. Ki haɗa da masanan nahiyarmu, irin su Okwudiba Nnoli da ya yi nazarin siyasar ƙabilanci a Najeriya a 1978, da Mahmood Mamdani da ya nuna a 1996 yadda mulkin mallaka ya ɗaure mutanen karkara da sarautun ƙabila. Mai duba jarrabawa ya fi ba da maki ga ɗalibar da ta gwada ra'i a kan misali ta nuna inda ya gaza.

TAMBAYA: Malam, an koya mana cewa ƙaura tana faruwa ne saboda abin da ke koro mutum daga gida da abin da ke janyo shi can. Shin wannan ya isa ya bayyana ci-rani? Wani ɗalibi daga Damagaram.

AMSA: Bai isa ba, ɗana. Wannan ra'i ya samo tushe daga Ravenstein a 1885, Everett Lee ya daidaita shi a 1966, kuma yana ɗaukar mai ƙaura kamar mutum guda da ya zauna ya auna riba da hasara. Ɗan ci-rani kuwa galibi gidansu ne ke tura shi bayan kaka, domin a rage bakin da ke cin rumbu, a kuma sami kuɗin taki kafin damina. Wannan shi ne abin da Oded Stark da abokan aikinsa suka jaddada a shekarun 1980. Sannan idan ya je Legas ba ko'ina yake sauka ba, wurin ɗan garinsu yake sauka, wanda zai nuna masa inda zai kwana da sana'ar da zai kama, shi ya sa za ka ga 'yan ƙauye ɗaya sun taru a kan sana'a ɗaya. Kada kuma ka manta da hannun hukuma: Ghana ta kori baƙi marasa takardu a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983, shekaru huɗu kacal bayan ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.