Filin Kanikanci: Hilux mai zafi a yashi da Land Cruiser mai baƙin hayaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 3L, ina jigilar kaya daga Daura zuwa ƙauyukan Baure da Zango. A kwalta lafiya lau, amma da na shiga yashi da lodi sai allurar zafi ta haura. Makanike ya cire tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama), abin bai sauya ba. (Direba daga Daura)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka riga ka nuna mana inda ciwon yake. A kwalta gudun mota ne ke tura iska cikin lagireto. A yashi kuwa kana giya ta ɗaya ko ta biyu, injin yana nishi, mota na tafiyar hawainiya, babu mai jawo iska sai fanka. Ita fankar nan tana zaune a kan wani kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke kamawa idan zafi ya ƙaru. In man ya tsiyaye, za ka ga tana juyawa a ido, alhali ba ta jan komai. Ka bari injin ya ɗau zafi sosai, ka kashe shi, ka juya fankar da hannu. In ta yi tauri, ƙalau take. In ta wulwula salin-alin, a sake mata mai ko a sauya kulocin. Ka kuma duba robar da ke kewaye da fankar, don da yawa ana cire ta wajen gyara a manta da ita.

Sai lagireto. Ta waje ƙura da ƙaiƙayi ke toshe shi. A wanke daga ɓangaren injin zuwa waje, da ruwan da ba shi da ƙarfin da zai lanƙwasa haƙoransa. Ta ciki kuma ruwan rijiya ne ke barin farin gishiri da tsatsa. Bayan ka kashe mota, shafa jikinsa a hankali: duk inda ka ji sanyi alhali gefensa da zafi, bututun wurin a toshe yake, sai mai lagireto ya buɗe ya zure. Daga nan a zuba kulan (ruwan sanyaya injin) da tataccen ruwa, rabi da rabi, a sa sabon murfi mai lamba 0.9.

Tamostat kam a mayar da shi. Cire shi ba ya maganin zafi, sai dai ya bar injin cikin sanyi da safiyar hunturu, ya ƙara shan gas (dizal) da cin ringi.

Abin da muke ji maka tsoro shi ne tof silinda, wato kan injin, don na 3L ba ya jure zafi sau da yawa. Da safe, kafin injin ya ɗumama, buɗe murfin lagireto ka tayar. In kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa, ko babban tiyon sama ya yi tauri cikin minti biyu bayan ka rufe, to gasket ya ƙone ko kan ya tsage. Kada ka taɓa murfin in da zafi, kada kuma ka kwara wa injin ruwan sanyi.

Tambaya: Land Cruiser ɗina mai injin 1HZ ya rage ƙarfi, yana baƙin hayaƙi a hanyar Jibiya. An ce in ƙara masa mai ta famfon injakta. (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Alhaji, kada ka yarda. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya riga ya fi iskar da ke shiga yawa. 1HZ injin ne mai silinda 6, lita 4.2, ba shi da tobo; in aka ƙara masa mai, zafin ƙuna ne zai ƙaru har ya taɓa kai da fistan. Fara da filtar iska: a busa ta daga ciki zuwa waje, ban da buga ta da ƙasa, in ta huje a sauya. Sai a auna tazarar bawul injin na sanyi: na shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45. In duk daidai ne, a kai nozul shida ɗin kan injin gwaji, don mai ɗiga maimakon feshi shi ma yana kawo haka. Tunda an buɗe wurin, ka tuno yaushe aka sauya bel ɗin taimin. In ya kai kilomita 100,000, a sauya shi tare da abin ɗaure shi, don in ya tsinke bawul da fistan za su yi karo.

Tambaya: Da sanyin safiya motata mai gas ba ta tashi sai an tura, kuma da farin hayaƙi. (Manomi daga Mai'aduwa)

Amsa: Ɗan'uwa, a gwada hita (masu ɗumama silinda kafin a tayar) ɗaya bayan ɗaya da batir, wadda bakinta bai yi ja ba ta mutu. In duk suna aiki, danna ɗan famfon da ke kan filtar gas kafin ka yi kik. In ka ji shi lakwas, kuma motar ta tashi bayan ya yi tauri, iska ce ke shiga ta tiyo ko bakin filta, gas yana komawa tanki da dare. Ka kwance ƙasan filtar kaɗan ruwan da ya taru ya zube, sannan ka ɗaure.