Tambaya Da Amsa: Aikin Shafa Faiba A Tankin Ruwa Da Tafkin Kifi

Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura, Katsina, ya rubuto: "Malam, ina so in koyi aikin faiba, wai da gaske yana cin jiki?"

Ɗan'uwa, faiba dai zaren gilashi ne da ake shimfiɗawa a shafe shi da rezin, wani ruwa mai danƙo da ke sandarewa ya yi tauri. Ƙaiƙayi kam akwai shi, don zaren gilashin nan in ya hau fata sai ka yi ta susa har dare. Sa riga mai dogon hannu da safar hannu da takunkumi, kuma ka yi aiki inda iska ke kaɗawa, warin rezin ɗin yana sa jiri, musamman in ka shiga cikin tanki, kar ka kuskura ka shiga kai kaɗai ba wani a waje.

Wata hajiya mai kiwon tarwaɗa a Daura kuma ta ce tafkinta na siminti yana yoyo, faiba za ta tsayar?

Hajiya, za ta tsayar in an bi ƙa'ida. Sai an kwashe ruwa, an kankare, simintin ya bushe ƙayau, in sabo ne a ba shi kwana 28. Maganin daskarar da rezin kamar kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na rezin ɗin ake sawa, amma a zafin Afrilu kafin ka ce kwabo rezin ya sandare a bokiti, shi ya sa masu aikin ke dama kaɗan-kaɗan da sassafe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsala, a rufe wurin. Bayan an gama kar a yi gaggawar zuba kifi, a bar shi kamar mako guda, a cika ruwa a zubar har warin ya tafi tukuna.