Amsa ga malamin da ke son sa tsofaffin hotunan kwalejinsu a kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kuna da hotuna wajen 4,000 a kwalaye, shugabanni suna so a gama kafin bikin cikar kwalejin shekara 50, kuma kana tambaya ko ka sayi sikana ko ka ba masu shagon kwamfuta kwangila. Wallahi na tausaya maka, domin duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin adana tarihi a cikinmu ya san wannan matsin lambar.

Don Allah kada ka bari ko kwali ɗaya ya fita daga harabar kwalejin. Ba mugunta ce ke sa masu shago ɓarna ba, aikin takardun makaranta suka saba da shi. Yaron shago zai zazzage ambulan goma a kan tebur ɗaya don aiki ya yi sauri. A jikin ambulan ɗin nan aka rubuta shekara da sunan taro, wani lokaci har da sunayen mutanen da ke tsaye. Da zarar hoto ya rabu da ambulan ɗinsa, shi ke nan, sai ka ga dattawa cikin manyan riguna a gaban wani gini, babu mai iya cewa su wa ne. Zai ɗauke su a 150 dpi (yawan ɗigon hoto a kowane inci, mafi yawa mafi kaifi), a JPEG, wato fayil ɗin hoto da ake matsewa yana rage inganci, sunayen fayil ɗin kuma Scan0001 har zuwa ƙarshe. In ka buɗe hoton 'yan aji 40 ka matso da fuska ɗaya, sai dusu-dusu. Mafi ciwo shi ne in ya ga hoton ya tsufa ya ce bari ya taimaka ya yi masa laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna kama fuskar hoton, ba ya sake ɓaruwa, in ka ja sai hoton ya biyo ledar. Hoton da ya yi shekara 50 lafiya ya lalace cikin minti ɗaya, a kuma kawo maka takardar biyan kuɗi. Abin yana min zafi har yanzu in na tuna yawan hotunan da aka kashe ta haka, da sunan gyara.

Sikana ma ba ita ce farko ba. Fara da fensir mai laushi, 2B, da rajista. Kowane kwali ya samu lamba, kowace ambulan lamba, kowane hoto lamba a bayansa can gefe, a hankali, ba da biro ba. Misali 03-12-007: kwali na 3, ambulan ta 12, hoto na 7. Wannan lambar ita ce sunan fayil ɗinsa. Kada ka sa ɓ, ɗ, ƙ ko tazara a sunan fayil, wasu na'urori suna rikita su. Cikakkiyar Hausa ka bar ta ga Excel, inda za ka buɗe gurbin lamba, shekara, wuri, sunayen mutane, mai ɗauka, girma, yanayin hoton, da abin da aka rubuta a bayansa harafi da harafi. In shekarar hasashe ce, ka rubuta cewa hasashe ce.

Kana wannan kana shinshinawa. In akwai nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, a ciki kuma ka ji warin tsami kamar ruwan khal, fim ɗin ya fara ruɓewa, ka ware shi domin tiririnsa yana lalata na kusa da shi, kuma shi za a fara ɗauka. Wanda ya girmi 1950, in ba ka ga an rubuta SAFETY a gefensa ba, ka ɗauka na naitiret ne, mai saurin kama wuta, ka nisanta shi da zafi. Masu fumfuna su ma gefe guda, ka sa takunkumi kafin ka taɓa su. Hoton da ya manne da gilashin firam kada ka ɓamɓare, ɗauke shi da kyamara yadda yake. Haka albam ɗin nan mai gam da leda a sama, a ɗauki shafin gaba ɗaya tukuna.

To, sikana. Epson Perfection V600 tana isa ga hotunan takarda da fim na 35mm da na 120 mai ɗan faɗi. In kuna da manyan nagatif sai V850. Hoton takarda a 600 dpi, a launi ko da baƙi da fari ne, domin jan da ya yi da tambarin situdiyo duk tarihi ne. Fim na 35mm ƙarami ne, yana son 3,000 dpi zuwa sama. Ainihin kwafin a TIFF, fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, ba a taɓa shi, daga gare shi ake fitar da JPEG na rabawa. Kashe duk gyaran da manhajar ke yi da kanta, na launi da na kaifi. Digital ICE, tsarin da ke cikin sikana mai share ƙura, ba ya aiki a kan fim baƙi da fari, ɓata shi yake. Ka ɗauki gaba, ka ɗauki baya in akwai rubutu, ka bar ɗan fili a gefe don a ga bakin hoton.

Lissafin wuri: hoto mai inci 4 da 6 a 600 dpi yana cin megabayit 26, mai inci 8 da 10 kuma wajen 86. Ko ka yi matsakaici 50, hotuna 4,000 gigabayit 200 ne. Faifan ajiya mai terabayit 1 ya isa, amma guda biyu za ka saya, ɗaya a wani gini daban, kwafi na uku a intanet da adireshin kwaleji, ba na wani ma'aikaci da za a yi wa canjin wurin aiki gobe ya tafi da kalmar sirri ba. Filash ba ma'ajiya ba ce. Ka sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a kasafi, ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi tana iya lalata faifai. In hunturu ne a rufe tagogi, a riƙa hure gilashin da ɗan famfon roba, ƙwayar yashi ɗaya tana karce shi.

Maganar lokaci ka gaya wa shugabanni gaskiya. In kowane hoto ya ci minti 10 da rubuta bayaninsa, mutum ɗaya a awa 6 zai yi 36, wato kwanakin aiki 111. Gwada da hoto 100 ka ga naka saurin kafin ka yi alkawari. Don biki, zaɓi 300 mafiya muhimmanci, sauran a bi su a tsanake.

Af, tsofaffin ɗalibai da malaman da suka yi ritaya. Kada ka jira a gama. Buga manyan kwafi, ka sa wa kawunan mutane lamba 1, 2, 3, ka kai wa dattawan nan su faɗi sunaye, kana naɗar muryarsu. Sikana za ta jira, su kuwa kullum raguwa suke.

In kuɗi ya gaza, duba shirin Endangered Archives Programme na British Library, wanda ke ba da tallafin ceto kayan tarihin da ke cikin haɗarin lalacewa tun 2004, amma ya fi karkata ga kayan da suka girmi tsakiyar ƙarni na 20. Naku da ya fi sabunta zai fi dacewa da Modern Endangered Archives Program na jami'ar UCLA a Amurka. Dukansu suna son a saki hotunan kyauta a intanet, don haka ka samu amincewar hukumar kwaleji a rubuce kafin ka nema.

Bayan an gama kuma kada wani ya ce a zubar da na takarda tunda suna kwamfuta. A mayar da kowanne ambulan ɗinsa, a cire roba da ƙusar takarda, a ɗora kwalayen kan kanta ta ƙarfe nesa da bango da ƙasa saboda gara da laimar damina. Ka turo mana hoton gefen nagatif ɗin naku mu gani ko wane iri ne. Allah Ya taimaka.