Ƙanena, kafin ka sake tura wa wani farfesan Jamus wasiƙa

Saƙonka ya same ni tun ranar Laraba, sai yau Asabar na samu zama. Ka ce ka kammala digiri na biyu a ilimin sinadarai, ka tura wa farfesoshi kusan arba'in imel a nan Jamus kana neman gurbin digirin digirgir, biyu kacal suka amsa, su ma cewa suka yi ba su da kuɗi. Kana tambaya ko launin fata ne ya jawo, ko kuwa labarin da ake bazawa cewa Jamus na zuba dukiya a bincike duk ƙanzon kurege ne.

Wariya akwai ta, ba zan ɓoye maka ba, na gamu da ita wajen neman gidan haya. Amma waɗannan biyun da suka amsa maka gaskiya suka faɗa. Kai kana rubutu ne kamar mai neman alfarma a wurin babban mutum, alhali a nan mafi yawan masu digirin digirgir a fannin kimiyya ma'aikata ne, da kwantiragi da albashi da haraji. Farfesa yana da 'yan kujeru ƙalilan da jiha ke biya, galibi a cike suke. Sauran duk sai ya rubuta buƙatar bincike, an tantance, an amince, sannan kujerar ta samu. Idan wasiƙarka ta faɗa hannun wanda bai ci irin wannan kuɗi a bana ba, ko da kai ne zakaran ajinku, ba shi da inda zai ajiye ka.

Jami'o'i a nan na jihohi ne, jihohin kuwa 16 ne, kowace da dokarta. Shi ya sa karatu kyauta ne a yawancinsu, amma jihar Baden-Württemberg tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, sai dai ta ɗauke wa masu digirin digirgir. Gwamnatin tarayya kuwa ta aljihu take shigowa. Babbar ƙofar ita ce DFG, hukumar ba da kuɗin bincike da ke birnin Bonn, wadda ke raba abin da ya haura Yuro biliyan 3 a shekara, kusan kashi biyu cikin uku daga tarayya, ragowar daga jihohi. Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na zo shi ne minista ba ya da ta cewa kan wanda za a ba. Masana ne ke zaɓen 'yan'uwansu duk bayan shekara huɗu su zauna a kwamitocin tantancewa, kuma sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya ce kimiyya da bincike da koyarwa 'yantattu ne. Jamusawa sun ga abin da ya faru da jami'o'insu a zamanin Hitila, ba su manta ba. Saboda haka wasiƙar sanata ko ta mai martaba ba ta buɗe wannan ƙofa, kada ka wahalar da Baba wajen nemo ta.

Bayan jami'o'i akwai manyan ƙungiyoyin bincike huɗu, kuma yadda ake biyan kowace shi ke nuna halinta. Max Planck, da aka kafa a 1948, tarayya da jihohi ke raba nauyinta rabi da rabi, aikinta neman sani tsagwaronsa, ba a tambayar ta me za a sayar gobe. Helmholtz na da cibiyoyi 18 masu manyan injuna, kashi 90 cikin ɗari na kuɗinta daga tarayya yake, don haka ta fi jin kiran gwamnati. Fraunhofer kusan sulusi kawai ake ba ta, sauran sai ta nemo da kanta ta hanyar kwangila, musamman daga kamfanoni. A cibiyarta ta Erlangen aka ƙera MP3 ɗin da kake sauraron karatu da shi. Ta huɗun ita ce Leibniz. Akwai yarjejeniya tsakanin tarayya da jihohi ta ƙara musu kashi 3 cikin ɗari duk shekara har zuwa 2030, DFG ma tana ciki. Wannan ne sirrin da ba a cika faɗa ba. Ba yawan kuɗin kaɗai ba ne, sanin cewa baɗi ma zai zo shi ke sa mutum ya fara gwajin da zai ɗauki shekara biyar.

Kada ka ɗauka gwamnati ta naɗe hannu ne kawai. Tana da nata kuɗin da take rabawa kai tsaye ta ma'aikatar bincike, kuma nan take nuna inda take so a dosa. A 2020 ta fito da manufar haidirojin ta ƙasa da Yuro biliyan 9, kafin ka ce kwabo guraben aiki a fannin sinadaran lantarki sun cika shafuka. A shekarar ce kuma ta ba BioNTech na birnin Mainz Yuro miliyan 375 don rigakafin korona, kamfanin da wasu likitoci biyu, mata da miji 'ya'yan baƙi daga Turkiyya, suke jagoranta a lokacin. A 2025 da gwamnatin Merz ta hau, aka cire ilimi daga ma'aikatar aka ƙara mata fasaha da sararin samaniya, ta kuma zayyana fannoni shida da za ta fifita, ciki har da ƙirƙirarriyar basira, da kwantum, da ƙananan kayan lantarki, da fasahar halittu, da makamashi mara gurɓata yanayi. Kai mai sinadarai, duba da kyau: batir da haidirojin da abubuwan hanzarta haɗuwar sinadarai duk gonarka ce. Taken da ka turo mini na binciken ganyen magani yana da kyau, amma a yadda ka rubuta shi ban ga aljihun da zai shiga ba.

Bari in nuna maka yadda abin yake a ƙasa. Makona na farko a ɗakin gwaje-gwaje na je neman wani sinadari, sakatariya ta miƙo mini fom ta ce in rubuta lambar aiki. Na tsaya ina kallonta. Ashe kowace kwalba, kowane safar hannu, har tikitin jirgin ƙasa zuwa taro, sai an jingina shi da lambar aikin da zai biya. Cikin kwana uku kwalbar ta iso teburina. Na tuna lokacin da muke ɗalibai a gida, mu shida muka yi karo-karo muka sayi irinta, muka raba a kwalaben maganin tari. Na yi murna ƙwarai. Sai bayan shekara biyu da rabi na ga ɗaya fuskar. Albashina ma a kan wannan lamba yake, kuma aikin na shekara uku ne. Shugabana ya tsaya gaban allo yana lissafa watannin da suka rage wa kowannenmu, nawa shida. An nemi ƙari, amsa takan ɗauki rabin shekara, kuma waɗanda ake amincewa da su ba su kai ɗaya cikin uku ba. Takardar izinin zamana da kwantiragin take tafiya. Wata biyar ina buɗe imel da bismilla, uwargida tana tambaya ko mu fara ɗaure kaya. Allah Ya taimake mu aka amince. Wani abokin aikina ɗan Indiya nasa bai fito ba, ya tattara ya koma kamfani.

Wannan zaman ɗar-ɗar ɗin doka ce ta haife shi. Dokar da ke aiki tun 2007 ta ba jami'a damar riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi shekara shida kafin ya zama dakta, shida bayan nan. Jamusawan kansu sun yi ta ƙorafi a kai, a 2021 har ya zama babban gangami a Twitter. Sannan albashin da za ka gani a talla, matakin E13, sau da yawa kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari ake biyan ɗalibi, aiki kuwa cikakke yake yi. Zai riƙe ka, har ka ɗan aika gida, amma kada ka yi wa kowa alkawarin mota.

Yanzu abin da nake so ka yi. DFG na da rumbu a intanet mai suna GEPRIS, kowa na iya shiga, an jera ayyukan da aka ba kuɗi da sunan mai aikin da shekarar farawa. Ka nemi waɗanda suka fara bana a fanninka, ka haɗa da shafukan tallan aiki na Helmholtz da Max Planck, musamman makarantunsu na masu digirin digirgir da ke ɗaukar mutane da Turanci. Wasiƙa biyar da ka ambaci aikin mutum da sunansa, ka faɗi na'urar da ka taɓa riƙewa da hannunka, sun fi arba'in ɗin nan masu farawa da kirari.

DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, hanya ce daban: kuɗinta yawanci daga ma'aikatun gwamnatin tarayya yake fitowa, kuma shi ke bin ɗalibi, don haka farfesan da ya ce ba shi da kuɗi zai iya cewa bismilla idan kai ka zo da naka. Ka koma wa mutum biyun nan da wannan tambayar. Kada kuma ka raina na kusa. Shirin WASCAL na binciken sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, da ma'aikatar bincike ta Jamus ke ɗaukar nauyi, yana da rassa a jami'ar fasaha ta Minna da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuɗin guda ne, sai dai babu sanyi babu layin biza.

Ka turo mini sunayen ayyuka uku daga GEPRIS da daftarin wasiƙarka kafin Juma'a mai zuwa, in duba. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata yajin ya iso. Kilishin kuwa kada a sake ba kowa ya taho da shi, an hana shigo da nama, a filin jirgi suka karɓe.